Haladu Tela da Gorar Inna

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba. Abin ya kwana biyu, yawancin waɗanda suka san shi sun riga mu gidan gaskiya. Ku matso, jama'a, na baya ku matso, yau muryata ba ta da ƙarfi. Kai mai danna waya, sa ta a aljihu, ba guduwa za ta yi ba.

Sunansa Haladu, sana'arsa ɗinki. Keken ƙafa gare shi, baƙin nan da ake takawa, a wani ɗan shago a bakin kasuwa. Da ƙafarsa ta dama yake taka keken, da ita yake ciyar da iyalinsa. Shi Haladu in ka kai masa yadi, ranar karɓa zai miƙo maka rigarka, ya kuma miƙo maka ragowar ƙyallenka a ƙulle, ko da bai kai tafin hannu ba. In ya ce Laraba, to Laraba ce. Na ga teloli suna sunkuyar da kai. Ban kira sunan kowa ba, Malam Sabi'u. Ni ma rigata ta sallar bara tana wajenka, amma ba yau za mu yi wannan shari'ar ba.

Ana nan sai ƙafar nan ta dama ta fara ba shi wahala. In ya ɗan taka keke sai sha-raɓarsa ta ɗaure, sai ya tsaya ya huta. Tafin ƙafar ya riƙa yin sanyi ko da ana zafi. Daga baya wani ɗan ciwo ya fito a babban yatsa, ya ƙi warkewa, gefensa ya fara baƙi.

Ya je asibitin jami'ar garin. Likitan fiɗa ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam Haladu, jijiyoyin da ke kai jini ƙafar nan sun tsuke. Jini ba ya isa ƙasa. In abin ya ci gaba a haka, sai dai a yanke."

Ku ce Allah ya kiyaye. Tela mai keken ƙafa a ce masa yanka!

Amma likitan ya ce akwai sauran ƙofa guda. A bayan asibitin akwai wani ɗakin bincike na jami'a, inda wasu bayin Allah suka duƙufa a kan irin wannan cuta. Aikinsu ke nan, safe da yamma: me ya sa jijiyar jini take kumbura ta ciki har hanyarta ta toshe, kuma me zai kwantar da kumburin? Kun san kwata in datti ya taru a cikinta, yadda ruwa yake tsayawa? To haka jijiyar take yi, sai dai ita ba ta yasuwa da shebur. Su waɗannan mutane sun samo wani sabon magani suna gwadawa, su ga ko yana aiki ko ba ya yi.

Aka haɗa Haladu da wata likita a ɗakin, sunanta Saratu, mace mai natsuwa. Ta zaunar da shi, ta shafa masa wani abu mai sanyi a ƙafa, ta ɗora wata 'yar na'ura da ke jiyo motsin jini. A ƙafar hagu suka ji fuu, fuu, fuu, da ƙarfi. Da ta koma ta dama sai da suka kasa kunne kafin su ji wani abu can ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Baba, ba zan yi maka alkawarin warkewa ba. Gwaji muke yi, mu kanmu ba mu san ƙarshensa ba. Amma akwai sharaɗi guda. Muddin kana shan namu, ba za ka sha wani magani ba, na kanti ko na gargajiya, sai ka gaya mini. Wanda ya haɗa da wani, dole mu cire shi."

Ya ce, "Likita, me ya yi zafi haka?"

Ta ce, "Baba, in maharba biyu suka harbi barewa lokaci guda ta faɗi, kibiyar wa ta kashe ta?"

Ya yi murmushi ya ce, "Allah kaɗai ya sani."

Ta ce, "To ka gani. Jininka za mu riƙa dubawa. Abin da jininku ya nuna, da shi za a yanke hukunci ko a ba dubban mutane maganin nan, ko a hana su. In jinin ya gaya mana abin da ba haka ba, su za a cuta."

Haladu ya ce, "Na yi alkawari, Allah ne shaida."

Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ya fara shan magani, yana zuwa ana ɗibar jininsa a 'yan ƙananan kwalabe. Ta taga yakan hango su cikin fararen riguna, suna sa kwalaben a wani inji mai juyawa har jinin ya rabu, ja a ƙasa, ruwan ɗorawa a sama. Makonni suka wuce. Ciwon bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Likitan fiɗa ya ce a ƙara dubawa kaɗan, in ba canji zai sa ranar yanka.

Labari ya kai ƙauyensu, ya shiga kunnen mahaifiyarsa.

To a nan ku saurara da kyau, musamman ku 'yan yau da uwa take kiran ɗanta na fari da sunansa gatsal a tsakar gida. Haladu ɗan fari ne. A wancan lokaci uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Har ya yi furfura, in zai gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta kawar da kai ta ce, "Lafiya lau." In za ta yi maganarsa sai ta ce "yaron nan". Ba ƙiyayya ba ce, wallahi ba ƙiyayya ba ce. So ne da al'ada ta ɗaure wa baki.

Wata rana da hantsi yana zaune a zaure ya miƙe ƙafa, sai ga Inna ta yi sallama. Tsohuwa ce tukuf, ta shigo motar kasuwa ita kaɗai, ba ta gaya wa kowa ba. Ta zauna nesa da shi, ta ba shi gefe kamar yadda ta saba. Ta kwance bakin zaninta, ta fito da wata gora cike da baƙin ruwa. 'Yar akuyarta guda ta sayar, ta saya a wajen wani mai magani da ke kafa lasifika ranar kasuwarsu.

Ta tsiyaya a murfi, ta miƙo hannu ba tare da ta dube shi ba. Ta ce, "Ungo. Sha."

Jama'a, tunda Haladu ya yi wayo bai taɓa karɓar ko ruwa daga hannun mahaifiyarsa ba. Sai dai ta ba wani ya ba shi. Yau ga hannunta a miƙe.

Ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Na yi wa likitoci alkawari ba zan haɗa da wani magani ba."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Hannun yana nan a miƙe. Can ta ce, "To." Ta fara mayar da ruwan cikin gora a hankali, yana zuba a gefe. Ta ce, "Ai dama ban iya ba. Ban taɓa yi ba, ina zan iya?"

Kai! Wannan magana ta soke shi. Ya rarrafa da ƙafar nan mai ciwo, ya tari murfin da hannu biyu, ya kafa kai ya shanye.

Ya yi kuskure? Ya yi kuskure. Ban zo nan in wanke shi ba. Kamata ya yi ya ɗauki Inna da gorarta su tafi wajen likita tare. Amma duk wanda yake da uwa a cikinku ya dafa ƙirjinsa ya gaya mini shi me zai yi. Inna ta zauna a gidan, kullum da safe ita take tsiyaya masa da hannunta, shi kuma yana karɓa.

Sai ga abin mamaki. Zafin ya kwanta. Kumburin ya saɓe. Ya koma shago, ya taka keke, ya ɗinka riga guda cur bai tsaya ba. Inna tana jin haka ta juya fuska bango don kada a ga murnarta.

Ranar ɗibar jini ta zo. Ya tafi da niyyar ya gaya wa Likita Saratu komai. A kan benci ya tarar da Mati, wani mahauci da suke cikin gwajin tare, mai irin ciwonsa. Haladu ba ya iya riƙe abu, sai ya gaya masa.

Mati ya waiga hagu da dama, ya matso. Ya ce, "Kai Haladu, kana da hankali kuwa? Ni da kake gani na daɗe ina shan irinsa, a ƙarƙashin teburin nama nake ajiyewa. Ka ja bakinka ka yi shiru. Kana faɗa za su cire ka, suna cire ka mai wuƙa yana jiranka. Ƙafarka ce fa, ba ƙyallen mutane ba da za ka ƙulle ka mayar."

Haladu ya ce, "Na sa Allah a maganar, Mati."

Mati ya ce, "Allah gafurun rahimun ne. Ƙafa kuwa ba ta tsirowa."

Kun ji yadda shaiɗan yake zuwa? Ba ya zuwa da ƙaho. Da bakin abokinka yake zuwa, har da ambaton sunan Allah.

Aka kira Haladu ciki. Ashe ranar Likita Saratu ba ta nan, ta tafi wani taro. Wani ma'aikaci ne, layi ya yi masa yawa, ya ɗaure hannu, ya soka allura, ya ce, "Na gaba!" Bai tambaye shi komai ba. Haladu ya buɗe baki, ya rufe. Ya fito.

A hanya zuciyarsa ta ce masa, ka gani? Ka yi ƙarya? Ba ka yi ba. An tambaye ka? Ba a tambaye ka ba. Allah ne ya rufa maka asiri, kai kuma kana neman tona wa kanka.

Ya koma shago, amma aiki ya ƙi. Yana taka keke, ƙafa ba zafi, ƙirji kuwa kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ya ɗinke hannun riga a baibai, abin da bai yi ba tun yana koyo. A sallah sai ya rasa raka'a nawa ya yi. Ya dubi ƙafar, ya dubi keken, ya tuna yaransa. Ya tuna kuma maganar likita, cewa in jinin ya faɗi abin da ba haka ba, wasu za a cuta. Su wa? Bai san su ba. Bai taɓa ganinsu ba, ba kuma zai gan su ba. Ƙafarsa kuwa ga ta a gabansa.

Bayan 'yan kwanaki aka aiko yana da kira a ɗakin bincike.

Ya shiga ya tarar da Likita Saratu fuskarta fal murna. Ga shugaban ɗakin, wani dattijon farfesa, har ya taso ya ba shi hannu. Aka ba shi kujera mai laushi.

Likita ta ce, "Baba, albishirinka!"

Da ƙyar ya ce, "Goro."

Ta ce, "Alamar kumburin da muke aunawa a jininka ta faɗo ƙasa warwas. Ba mu taɓa ganin haka ba. Mun yi magana da likitan fiɗa, ya ce a ajiye batun yanka."

Farfesa ya ce, "Malam Haladu, shekaru muke kan aikin nan. Har mun fara karaya. Jininka da na wani mutum guda su suka dawo mana da ƙarfin gwiwa. Yanzu za mu nemi a ƙara ɗaukar marasa lafiya a ɗora su a kan maganin."

Na wani mutum guda. Haladu ya san ko wane ne.

Ku duba inda aka kai shi, jama'a. An ce an ajiye wuƙa. Ba wanda ya tambaye shi komai. Abin da ya rage masa kawai ya ce alhamdu lillahi, ya sa takalminsa, ya tafi gida da ƙafafunsa biyu. Yana jin ƙarar injin nan mai juya jini ta bayan bango. Ya dafa kujera zai tashi. Wallahi har ya ɗaga.

Sai ya koma ya zauna.

Ya ce, "Likita, kada ku ƙara kowa tukuna. Na karya alkawari. Na sha wani magani."

Murmushin likita ya tafi a hankali. Farfesa ya cire tabarau ya ajiye a tebur, ya rufe ido da hannu, ya daɗe a haka.

Likita ta ce, "Tun yaushe, Baba?"

Ya ce, "Tun kafin ɗibar jinin nan. Kullum da safe."

"Wa ya ba ka?"

Ya ce, "Ni na sha. Ba wanda ya ɗura mini."

Ta ce, "Baba, ka san abin da maganar nan take nufi? Dole in cire ka. Ba ni da ikon in bar ka."

Ya ce, "Na sani."

Ta ce, "Da ka yi shiru ba wanda zai sani."

Ya ce, "Wanda na sa shaida ya sani. Kuma ke kika ce mini wasu za a cuta. Ni ban iya taka keke da ƙafar da na san da lafiyar wani na fanshe ta ba."

Farfesa ya sauke hannunsa. Ransa ya ɓaci, ba shakka, aikin shekaru ne ya koma baya a gabansa. Amma shi ma mutumin kirki ne. Ya ce, "Ka ɓata mana yau, Malam, amma ka cece mu daga abin da ya fi wannan muni. Akwai wani da ka sani yana sha?"

Haladu ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina na zo faɗa. Amma ku sake tambayar kowa, ku tambaya da kyau."

Likita ta ce ya kawo gorar su duba abin da ke ciki, kuma kada ya sake kai ta baki.

Ya dawo gida, ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar kullum. Ya ce, "Inna, likitoci suna so su duba maganin nan." Tsohuwa ta ɗauka yabo ne. Ta goge gorar da gefen zaninta, ta miƙa masa, ta ce, "Ka ce su bar maka saura."

Suka duba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe macucin nan mai lasifika ƙwayoyin asibiti masu ƙarfi yake dakawa ya zuba a ruwan sassaƙe. Irin waɗanda ke kwantar da zafi da kumburi nan take, amma su ɗaga sukarin jini, su raunana jiki, ciwo yana ci ta ciki mutum bai sani ba. Kada wani ya fita ya ce Malam ya zagi maganin kakanninsa. Ban zaga ba. Macuci na ce, kuma macuci ne, Allah ya isa tsakaninsa da bayin Allah.

Likita Saratu da kanta ta raka Haladu wajen likitan fiɗa. Sun cire shi daga gwaji, amma ba su yar da shi ba. Aka kwance ƙafar, aka duba ciki sosai. Aka ɗora 'yar na'urar nan mai jiyo motsin jini, kowa ya kasa kunne. Ba a ji komai ba.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce Allah ya duba gaskiyarsa, ƙafar ta warke, ya tashi yana tsalle. Ba ta warke ba. An yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Ciwon ya riga ya ruɓe ta ciki, ya fara hawa. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri, da ba maganar ƙafa ake yi ba, da maganar rai ake yi. Wani zai ce, to da bai sha gorar ba, da sabon maganin ya cece ta? Allah ne masani. Su kansu masu binciken ba su ce sun sani ba, ni wane ne da zan ce?

Yana kwance a gadon asibiti sai ga Mati ya shigo yana ɗingishi. Ya tsaya ya dubi inda zanin gado ya kwanta, wurin da ƙafa ya kamata ta kasance. Ya sa hannu cikin babbar rigarsa, ya fito da tasa gorar, ya juya ya nufi ɗakin bincike. Shi an tari nasa da wuri, yatsu biyu kawai ya rasa.

Saura Inna. An ɓoye mata abin da aka gani a gorar, amma tsohuwa ba yarinya ba ce, ta ji a bakin mata. Ta zo asibiti, ta ratsa mutane. Matar da ba ta taɓa zama kusa da shi ba ta zauna a bakin gadonsa, ta dube shi ido cikin ido a gaban kowa. Ta ce, "Haladu."

Ya ji sunansa a bakin uwarsa, karo na farko a rayuwarsa.

Ta ce, "Haladu, ni na yanke maka ƙafa. Abu ɗaya tak na taɓa ba ka da hannuna, ga abin da na ba ka."

Ya kama hannun nan nata ya riƙe. Yana kuka, tana kuka. Ya ce, "Inna, magani kika ba ni. Wanda ya zuba cuta a ciki shi zai amsa a gaban Allah. Ni abin da na sha daga hannunki ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba, kuma kada ki sake faɗin haka."

Ku ba ni ruwa, wani ya miƙo mini ruwa.

Masu binciken suka cire jininsa da na Mati daga cikin abin da za su kafa hujja da shi, suka ja da baya, suka ci gaba da aikinsu a hankali bisa gaskiya. Ba a ɗora kowa a kan magani saboda sakamakon ƙarya ba. Su waɗancan mutanen da aka kare, har suka mutu ba su san an yi wani tela mai suna Haladu ba.

Shi kuwa ya koma shagonsa da sanda. Aka sauya masa keken, aka sa masa mariƙin juyawa da hannu. Amma tela yana buƙatar hannu biyu a kan yadi in ɗinkin mai wuya ne. Inna ba ta koma ƙauye ba. Waɗanda suka gani sun ce in ka bi ta bakin kasuwar nan da hantsi, za ka ga tsohuwa a zaune kan 'yar kujera gefen keke, tana juya masa, shi yana bi da yadi. In ta gaji ta ce, "Haladu, dakata in huta." Har ta rasu a haka suke, kuma bai daina ƙulle wa mutane ragowar ƙyallensu ba.

To jama'a, me na tara ku in gaya muku? Gaskiya ba ciniki ba ce da za ka ba da ita yau gobe a mayar maka da ƙafarka. Wani lokaci za ka faɗe ta ka yi asara, asara ta gaske, wadda ido yake gani. Mai gaskiya shi ne wanda ya faɗe ta a ranar da ba a tambaye shi ba, a ranar da shiru ya fi masa riba, don kare mutanen da ba za su taɓa gode masa ba. Ladansa yana wajen wanda ya sa shaida.

Mu fa? An ce ka zo gwajin jini ba ka ci komai ba, ka tsaya a hanya ka danna ƙosai, man yana leɓenka, likita ya tambaya ka ce ko ruwa ba ka sha ba. Kuna dariya, to da ku nake. An tambaye ka ko kana shan wani abu, ka ce a'a, alhali jarka tana ƙarƙashin gado. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan da ka yi wa ƙarya a kan ƙaryarka zai rubuta maka magani, kuma jikinka zai sha, ba nasa ba.

Ku kuma masu kai wa marar lafiya gora don ƙauna, na san da zuciya ɗaya kuke yi. Inna ma da zuciya ɗaya ta yi. Kafin ka ce wa ɗan'uwanka "ungo, sha", ka san me ke ciki, ka kuma bar shi ya tambayi mai duba shi, kada ka ɗaure shi da kunya.

Kuma ba a asibiti kaɗai ba. A shagonka, a ofishinka, a gonarka, akwai wata magana da kake riƙe da ita yanzu haka, kana lallashin kanka da cewa ai ba a tambaye ka ba. Ka san ta, ni ban san ta ba. Haladu ya tashi daga kujerar nan har ya ɗaga, sannan ya koma ya zauna. Kai ma ba ka makara ba, koma ka zauna ka faɗa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya taimaki masu wahalar nemo musu magani, ya jiƙan iyayenmu. Ladan, duba mana rana, ina jin lokaci ya yi.